Lissafin Shekarar Mai Fasaha a Jos

Duk wanda ya zauna ya ƙirga mawaƙa da 'yan fim da marubutan da Jos ta yaye zai ga garin ya yi abin da ya fi ƙarfin girmansa. A Bukuru aka haifi Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, a 1946. A Jos tagwayen nan Peter da Paul Okoye na P-Square suka tashi suka yi makaranta. M.I Abaga da ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince duk a nan suka fara riƙe makirufo, kuma Jeremiah Gyang na cikin mawaƙan da kamfanin Chocolate City ya fara da su. A fim ɗin Hausa ga Sani Mu'azu, ga Nafisa Abdullahi, ga Sadiq Sani Sadiq. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa a 1979 tana Jos, makarantar koyon fim ta ƙasa da aka buɗe a 1995 tana Jos, haka ma kwalejin talabijin ta NTA. Sai dai in aka bi sawun yawancin waɗanda suka yi suna, a Legas ko Abuja ko Kano ko Kaduna za a iske su. Jos ke reno, wasu garuruwan ke cin moriya.

Wannan shi ne halin da mai zane ko mawaƙi ko mai ɗaukar hoto yake ciki a duk lokacin da shekara ta juyo, ya ɗauki biro yana tambayar kansa me yake son ya cimma bana. Yana zaune a gari mai sauƙin haya in an kwatanta da Legas, mai sanyi da duwatsu da hasken da kyamara ke so, ga ƙwararru a kowace unguwa. Amma masu sayen aikinsa da tsada suna can nesa, mafi kusa su ne na Abuja, tafiyar sa'o'i huɗu ko biyar a mota. Tsarin shekarar da bai fara da wannan gaskiyar ba, na wani garin ne aka aro.

Abin da aka fi ji a bakin matasa a farkon Janairu shi ne, “Bana sai na fashe.” Wani ya ce bana mabiyansa za su kai dubu ɗari a Instagram, wani ya ce bana zai ci kyauta, wata ta ce bana sai an kira ta fim a Legas. Babu laifi a buri. Matsalar ita ce duk waɗannan abubuwa a hannun wasu suke: alƙalan gasa, furodusa, da na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna wa mutane a waya. Mutum zai iya yin iyakar ƙoƙarinsa shekara ta ƙare bai samu ko ɗaya ba, ya ɗauka ya faɗi, alhali ya yi aiki mai kyau. Abin da ke hannunsa daban ne: hotuna nawa zai gama, waƙoƙi nawa zai naɗa ya tace, wurare nawa zai aika wa aikinsa, mutum nawa cikin tsofaffin abokan cinikinsa zai sake nema. Wannan ake iya dubawa ƙarshen kowane wata, a san ko an yi ko ba a yi ba.

Abubakar Adam Ibrahim, wanda aka haifa a Jos a 1979 ya kuma yi karatu a Jami'ar Jos, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016 da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Kyautar ba ta cikin abin da marubuci zai sa a tsarin shekara ya ce dole. Abin da ya iya sawa shi ne rubutun da kansa, wanda ya yi yana kuma aikin jarida a Daily Trust. Albashi na riƙe gida, littafi na tafiya a gefe. Da yawa daga masu zane na Filato haka suke, malaman makaranta ne da safe, masu fenti da yamma, kuma bai kamata a ɗauki hakan abin kunya ba.

Ko kamfanonin intanet ɗin da matasa ke dogaro da su da ma'aunin shekara suke aiki. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha ta hanyar da aka fi sani, sai tashar ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Spotify, da ya shigo Nijeriya a 2021, ya ce ya biya mawaƙan ƙasar sama da naira biliyan 58 a 2024, adadin da ke sa yaro ya ga kamar arziki na bakin ƙofa. Amma tun daga 2024 ɗin, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba ko kwabo ba ta samu, kuma kaso mafi tsoka na biliyoyin nan manyan taurari ƙalilan ke kwashewa. Mai waƙar Hausa ko Berom ko Ngas kuwa, yawancin masu sauraronsa suna Audiomack da Boomplay da TikTok, ko wajen masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa. Wanda ya san haka ba zai rubuta “kuɗin intanet” a matsayin abin biyan haya ba. Zai ɗauke shi hanyar da sunansa zai kai kunnen mai biki, wanda shi ne zai biya kuɗin gaske.

Inda tsarin shekara ya fi buƙatar natsuwa shi ne sanin lokutan da kuɗi ke motsi a garin, domin a Jos kalanda biyu ke aiki a lokaci guda.

Ta farko ita ce ta Miladiyya da ta coci. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba gari kan cika. 'Yan Filato mazauna Legas da Abuja da ƙasashen waje suna dawowa gida, ana ɗaura aure kusan kowace Asabar, coci-coci na shirya waƙoƙin Kirsimeti, ƙungiyoyin ƙauyuka na taron shekara. Mai ɗaukar hoto, mai kiɗa, mai kwalliyar zaure, mai zanen hoton ango da amarya, kowa ba ya samun barci. Sai Janairu ta shigo da sanyin hunturu da kuɗin makaranta, aljihu ya bushe, waya ta daina ƙara. A kwanakin azumin Kirista wasu coci-coci kan rage ɗaurin aure, sai bayan Ista a sake buɗewa. Wajen Afrilu zuwa Mayu ne lokacin bukukuwan al'ada irin su Nzem Berom da Puus Kaat na Mwaghavul a Mangu, inda masu kiɗan gargajiya da masu ɗinkin kayan al'ada da masu bidiyo ke samun aiki. Daga nan damina ta kankama. Ruwan Jos a Yuli da Agusta ba ya wasa: ana iya wuni ana yayyafi, hazo ya rufe duwatsu, ɗaukar fim a waje ya zama wahala, fentin mai ya ƙi bushewa da wuri.

Ta biyu ita ce ta Musulunci, wadda ke mulkin ciniki a Bauchi Road da Anguwan Rogo da Gangare da Dilimi. Ana tururuwar aure a watan Sha'aban kafin azumi, a tsaya cak a Ramadan, a dawo bayan Sallah. Mawaƙin biki ba shi da aiki a azumi, amma mai ɗinki da mai zanen lalle da mai hoto suna jiran kwanaki goman ƙarshe da ranakun Sallah. Tun zamanin faifan CD 'yan fim suka saba ajiye manyan fina-finansu don Sallah. Wannan kalanda kuma tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, saboda haka tsarin bara ba ya yi wa bana daidai. Akwai shekarun da azumin Musulmi da na Kirista kan haɗu, kamar yadda aka gani a 2024 da 2025, kasuwar biki ta yi sanyi ta ɓangarorin biyu a lokaci guda. Wanda bai duba wannan tun Janairu ba, sai dai ya ga kwatsam makonni sun wuce babu ko kiran waya.

A kan waɗannan biyun akwai kakar siyasa, mai zuwa sau ɗaya a shekara huɗu. Masu buga fosta da masu zanen allo da mawaƙa kan samu a 'yan watanni abin da ba su samu a shekara biyu ba. Kuɗi ne mai daɗin shiga, mai saurin fita, kuma a gari irin Jos yana da tsada ta wata fuskar: mawaƙin da ya yi wa ɗan takara ɗaya waƙa mai zafi yana iya rufe wa kansa ƙofar rabin garin har zaɓe mai zuwa. Ko zai karɓi irin wannan aiki, da iyakar abin da zai yarda ya faɗa a ciki, shawara ce da ta fi kyau a yanke tun ba a ajiye kuɗin a gabansa ba.

In aka shimfiɗa waɗannan lokuta a takarda ɗaya, tsarin ya fara fitowa da kansa. Watannin cika na neman kuɗi ne da aikin mutane. Watannin shiru, wato Janairu da Fabrairu, da azumi ga mawaƙi, da tsakiyar damina ga mai kyamara, su ne na aikin kai: rubuta waƙa, gwada sabon salo, tace abin da aka ɗauka, shirya takardun neman tallafi. Gidauniyar Tony Elumelu, misali, takan buɗe karɓar takardu ranar 1 ga Janairu ta rufe a farkon Maris, tana ba da jarin dala 5,000 ga waɗanda aka zaɓa. Baje kolin ART X Lagos, da Tokini Peterside ta fara a 2016, a Nuwamba ake yi, haka kuma gasar matasan masu zane ta Life In My City a Enugu, wadda ake yi tun 2007, tana karɓar ayyuka watanni kafin babban taronta. Hoton da za a nuna a ƙarshen shekara, da damina ake zana shi.

Sai maganar kuɗi, wadda masu fasaha da yawa ke gudu kamar za ta ɓata musu baiwa. Abin da ya faru tun 2023 ya sa gudun ya zama haɗari. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Fentin kwalba, burushi, batirin kyamara, makirufo, ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, kusan duk daga waje ake shigo da su. Situdiyo kuma da janareta yake rayuwa. Wanda ya tsaya a farashin bara, daga aljihunsa yake biya wa mai saye.

A ɗauki misali kawai. A ce mai zane ya sayar da hoto naira 120,000 ta hannun wani gidan baje koli a Abuja, ya dawo gida yana murna. A ce yadin zane da katakon da aka ɗaure shi sun ci 15,000, fenti 20,000, firam 25,000, kuɗin ba direba a tasha ya kai Abuja 10,000. Gidajen baje koli kan cire la'ada daga kashi 30 har zuwa rabin kuɗin. A ɗauki mafi sauƙi, 36,000. Abin da ya rage masa 14,000 ne, ladan mako biyu yana tsaye gaban allo, ba a ma sa kuɗin data da na haya ba. Ba zai taɓa ganin wannan ba muddin kuɗin na faɗawa asusun da ake cefane da shi. Shi ya sa abu na farko da ya kamata ya shiga tsarin shekarar mai fasaha, kafin sabuwar kyamara ko sabon shago, shi ne littafin shige da fice na naira ɗari biyar, da asusun banki na sana'a daban da na gida. Bayan wata uku littafin zai faɗa masa wane aiki ke kawo riba, wane ne yake yi don a ce yana aiki.

Manomin dankalin Turawa a Bokkos ba ya cinye iri, komai yunwar bazara, domin ya san in ya ci ba shi da damina. Kuɗin Disamba ma haka yake ga mai fasaha: a ciki akwai abincin Janairu da Fabrairu, akwai kuɗin kayan aikin da za a saya kafin su ƙara tsada, kuma sai an ware su tun ranar da kuɗin ya shigo. Adashi na taimakawa a nan fiye da yadda ake zato, in aka tsara kwasar ta faɗo a watan da ake son sayen babban abu. Kafin alƙalami ma ya zama dole. Aikin da ba a biya rabi ba kafin a fara, mai zane ne ke ba mai kuɗi bashi, kuma kowa a harkar ya san labarin hoton wani babban mutum da ya shekara jingine a bango ana cewa “za a aiko.”

Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC ba ta ƙara wa kowa basira, amma ita ke buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu da otal-otal ba sa ba da kwangila sai da ita. Aiki ne na mako ɗaya ko biyu da ake ɗagawa shekara da shekaru. Bashin banki kuwa a yi hattara da shi. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin rance ga masu fim da waƙa da ɗinki da fasahar zamani a kan ruwan da bai wuce kashi 9 ba, a 2023 kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman don al'adu da tattalin arzikin fasaha, aka naɗa Hannatu Musawa minista. Duk da haka, kuɗin gwamnati abu ne da in ya zo a gode, ba a gina shekara a kansa. Kenneth Gyang, ɗan Filato da ya fito daga makarantar fim ta Jos, ya yi fim ɗin Confusion Na Wa da ɗan ƙaramin kuɗi, da tallafin asusun Hubert Bals na bikin fina-finan Rotterdam a Holan, fim ɗin kuma ya zama gwarzon shekara a gasar AMAA ta 2013. Tallafi irin wannan da takarda ake nemansa, a kan lokaci, da labarin da aka riga aka rubuta.

To ina fasahar kanta? Akwai masu cewa, kuma da gaskiyarsu, waƙa ba bulo ba ce da za a ce a buga ɗari kafin azahar. Wanda ya ɗaure kansa da adadi yana iya cika shekara da ayyuka goma sha biyu masu kama da juna. Haɗarin gaskiya ne, amma a Jos akasin haka ya fi yawa. Aikin mutane ne ke cinye mai fasaha. Ya iya zana fuska, sai ya shekara goma yana zana fuskokin iyayen gida da na masu ritaya. Ta iya waƙar amarya, sai kowace waƙa ta zama jerin sunayen dangi. Kuɗi na shigowa, hannu na tsayawa wuri ɗaya. Maganin shi ne a sa wa aikin kai rana a mako wadda ba a sayarwa, a kuma zaɓi abu guda da za a koya a shekarar, guda ɗaya tak: haɗa sauti, ko hasken dare, ko zanen jiki cikin motsi, ko karin waƙar wata ƙabila da ba a saba da ita ba.

Ɗan Maraya ya isa misali a nan. Kayan aikinsa kuntigi ne, gwangwani ɗan ƙarami da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya. Ba 'yan amshi, ba makaɗa, ba motar ɗaukar kaya. A lokacin da manyan makaɗa ke yawo da jama'a suna wa sarakuna da attajirai waƙa, shi ya juya ya dubi karen mota da ɗan ƙwadago da rikicin miji da mata da auren dole, yana canza murya ya zama mijin, ya zama matar, a waƙa ɗaya. Kuɗin da yake kashewa kaɗan ne, saboda haka ba dole ya bi mai kuɗi ba. Abin da yake faɗaɗawa kullum shi ne abin da zai yi waƙa a kai. Da wannan tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe, ya samu lambar girma ta ƙasa, ya zauna a Jos har rasuwarsa ranar 20 ga Yuni 2015. Matashin da ke ganin sai ya tara kayan miliyoyi kafin ya fara, ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan gwangwanin.

Makarantar kyauta ma tana nan a tsakiyar gari. Gidan tarihi na Jos, da Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da kawunan yumɓu na Nok da aka fara tonowa a ramukan kuza, da zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, ga kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Abin takaici ne a ce mai zane ya kwana yana kwafar salon wani a Instagram, bai taɓa zama da fensir gaban waɗannan ba.

Wani kuma zai ce tsara shekara shisshigi ne a lamarin Ubangiji, wa ya san gobe? Ai babu mai tsarawa sai da “in Allah Ya so.” Amma zakka kanta sai an yi lissafin shekara ake fitar da ita, a san dukiya ta kai nisabi, shekara ta zagayo a kanta. Mai fitar da ushiri a coci ma sai ya san abin da ya samu. Labarin Annabi Yusuf da tanadin shekarun ƙoshi don shekarun fari kuwa, Musulmi da Kirista na Jos duk sun taso da shi.

Akwai abu ɗaya da kan faɗo daga tsarin kusan kowa, wato takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce haƙƙin waƙa ko zane ko rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na fim da sautin da aka naɗa kuma shekara 50, sannan ba a mallaka wa wani haƙƙin sai a rubuce. Ma'ana, wanda ya sayi hoto ya rataya a falonsa bai sayi ikon buga shi a kalanda ko riga ba. Mawaƙan fim ɗin Hausa da yawa sun sayar da waƙoƙinsu ga furodusoshi da kuɗi ƙalilan a zamanin CD. Da kasuwar faifai ta mutu, harka ta koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina daga 2020, sai tsofaffin waƙoƙin suka sake zama kuɗi, a tashar wani. Tsakanin 'yan'uwa da abokai ne aka fi jin nauyin rubutawa, a nan ne kuma aka fi ɓatawa. Rabuwar P-Square a 2017, da dawowarsu a 2021, da saɓanin da ya sake fitowa fili daga baya, ya nuna ko ciki ɗaya ba ya hana rigimar wa ke da me. Yarjejeniya mai shafi ɗaya da ta faɗi wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, kashi nawa kowa zai ɗauka, ta fi sauƙi a rubuta ta ranar da ba a samu ko sisi ba tukuna. Haka nan ajiye ainihin aikin a wuri biyu, da ɗaukar hoton kowane zane da kyau kafin ya bar hannu.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta zama ko tafiya, kuma kowace shekara sai ta dawo. Kasuwar cikin gida ta Jos ta sha duka. Dukawan Naraguta, da suka yi suna da jaka da takalmi da filon fata, sun taɓa dogaro da Turawan kuza da 'yan mishan da baƙi masu zuwa shan iska. Farashin kuza ya rushe a duniya a 1985. Rikicin Satumban 2001, da gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002, da rikice-rikicen 2008 da 2010 sun rage baƙi, sun kuma raba unguwanni, har ya zama akwai mai hoton da ke tsoron karɓar aiki a wani ɓangaren garin da aka haife shi. Dokar hana fita ta kwana uku ta isa ta rusa bikin da aka yi wata biyu ana shiri. Don haka tanadin abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku ba ƙawa ba ne a tsarin ɗan Jos, haka ma samun abokan ciniki a wajen jihar, da riƙe abokan aiki a ɓangarorin garin biyu, domin mai kalanda biyu a hannu ya fi mai ɗaya kwanakin aiki.

Waɗanda suka tafi ba su yi laifi ba. M.I ya koma Legas kafin faifansa Talk About It ya fito a 2008, Ice Prince ma daga can waƙarsa Oleku ta karaɗe ƙasa a 2010, har ya ɗauki kyautar BET a 2013. A wancan lokacin gidajen rediyo da dillalan faifai na kasuwar Alaba da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wasa duk suna Legas, babu yadda za a yi. Yau ana iya naɗa waƙa a Rayfield a tura ta duniya kafin la'asar, ana iya zana hoto a Tudun Wada mai saye a Abuja ya gani a waya ya turo kuɗi. Abin da waya ba ta yi har yanzu shi ne haɗa fuska da fuska da mai gidan baje koli ko mai raba fim, saboda haka tsarin da ya fi dacewa da yawancin masu fasahar Jos shi ne irin na 'yan ci-rani: a yi aikin a gida inda haya da ma'aikata ke da sauƙi, a ware tafiya biyu ko uku a shekara zuwa inda kasuwa take, da kuɗin motar da masaukin a rubuce tun farko, da sunayen waɗanda za a gani.

Akwai kuma waɗanda suka zauna suka jawo kasuwar ta zo ta same su. Panam Percy Paul ya yi shekaru da dama yana waƙoƙin bishara da koyar da kiɗa daga Jos. Patrick-Jude Oteh ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Jos Repertory Theatre a 1997, daga baya ta fara bikin wasannin daɓe da akan yi a harabar Alliance Française, da tallafin gidauniyoyi da ofisoshin jakadanci. Irin wannan biki ana fara neman kuɗinsa da zaɓar wasanninsa watanni da yawa kafin ranar, kuma ƙungiyar ta ci gaba da shirya shi har a shekarun da baƙi ke tsoron kwana a garin.